Wanda Ka Ceta, Naka Ne?

Akwai wata tambaya wadda mu ke so mu sa a gaban masu karatu a wannan wata. Idan mutum ya ceci rai daga halaka, ran nan ya zama nasa ke nan? Yana da iko ya riƙe shi, ya yi abin da ya ga dama da shi? Za mu bi wannan tambaya ta kan wata ƙaramar halitta wadda kowa ya sani a ƙasarmu, watau hawainiya, gama sau da yawa a kan ƙaramin abu a ke gane halin mutum.

Wanda ya taso daga Kano ya ratse a Kwanar Dangora cikin ƙasar Kiru, ya bi ta Tudun Wada ya nufi Doguwa, zai ga itatuwa suna ƙaruwa, ciyawa tana ƙara tsawo, har ya shiga dajin Falgore. An keɓe dajin nan tun zamanin Turawa, cikin shekarun 1940, da sunan gandun Kogin Kano, daga baya kuma cikin shekarun 1960 aka mai da shi wurin tsaron namun daji. Kogin da ya ratsa shi ne ya ke gangarawa zuwa Tiga a ƙasar Bebeji, inda aka datse shi, aka gama aikin a 1974. A dukan wannan yanki hawainiya tana nan, a shingen gona, a kan rama, a kan geza bakin rafi, tana tafiyarta ta sannu sannu.

Wannan tafiya ce ta kan jawo mata wahala. Sa'ad da aka gama girbi, aka sa wa daji wuta, zomo ya kan tsere, tsuntsu ya tashi, ɓera ya shige rami, amma hawainiya ba ta da gudu. Idan ta sauko za ta ƙetare hanya, mota tana zuwa. Idan ta kuɓuce wa mota, ga yara da duwatsu a hannu. Manomi ya fesa magani a gonar masara ko ta wake, ita kuwa ta ci ƙwarin da maganin ya taɓa. Masu neman ta domin su busar su kai wa masu magani a kasuwa su ma suna nan. Domin haka ba abin mamaki ba ne wani mai tausayi, ko ɗan makaranta, ko malamin makarantar Lahadi, ko mace mai komowa daga itace, ya karɓe ta daga hannun yara, ko ya ɗauke ta daga bakin wuta, ya sa ta cikin kwali ya kawo gida. Ya yi abin kirki. Amma daga sa'an nan ne tambayarmu ta fara.

Mu San Ta Tukuna

Ba ya yiwuwa mutum ya yi wa abu alheri idan bai san shi ba. Bari fa mu duba yadda Allah ya yi ta.

Masana sun ƙidaya irin hawainiya wajen 200 a duniya, kusan rabinsu kuwa a tsibirin Madagaska su ke. Kowane idonta yana juyawa shi kaɗai, ɗaya yana duban gaba, ɗaya yana duban baya, sai ta ga abinci kana ta tattara su biyu a kansa. Harshenta ya kan fi jikinta tsawo, tana harba shi kafin ƙiftawar ido, ta kamo fara ko ƙuda. Yatsunta biyar ne a kowace ƙafa, amma an haɗa su biyu a gefe ɗaya, uku a ɗaya gefen, kamar awartakin maƙeri, domin riƙon reshe. Wutsiyarta ma hannu ce a gare ta. Rangajin nan da ta ke yi gaba da baya sa'ad da ta ke tafiya, ya kan sa shaho ya zaci ganye ne iska ke kaɗawa. Ba ta da dafi ko kaɗan. Idan ta buɗe baki tana huci, ta kumbura jiki, tsoro ne ya kama ta.

Mun saba kiran mutum mai fuska biyu hawainiya, domin rikiɗarta. A nan mun zalunce ta. A 2015 waɗansu masana a Jami'ar Janeba ta ƙasar Suwizalan suka nuna cewa a cikin fatarta akwai waɗansu ƙananan ƙwayoyi masu kama da gilashi, jere a jere. Idan tazarar da ke tsakaninsu ta ƙaru ko ta ragu, sai hasken da su ke mayarwa ya sake launi. Abin da ya fi sa ta rikiɗa kuwa shi ne halin da ta ke ciki. Idan sanyi ya kama ta da safe sai ta yi duhu domin ta sha rana. Idan namiji ya ga abokin gaba ko mace sai launinsa ya yi haske. Idan ta firgita ko ta galabaita sai ta yi baƙi. Munafuki yana ɓoye abin da ke zuciyarsa, ita kuwa abin da ke cikinta a rubuce ya ke a fatarta. Wanda ya ɗauke ta ba zai iya cewa ba ta faɗa masa damuwarta ba.

Bashin da ke Kan Mai Ceto

Ceto abu ne na minti ɗaya, yana kuwa da daɗi a zuciya. Jiyya ita ce mai wuya. Mu tuna da Basamariyen nan na cikin Luka sura 10. Bai ɗaure raunukan mutumin ya bar shi a bakin hanya ba. Ya kai shi masauki, ya kwana yana lura da shi, da safe ya ba mai masauki dinari biyu, ya kuma ɗauki alkawarin biyan abin da ya ƙaru. Da ya ɗaga mutumin daga ƙasa, ya ɗaura wa kansa kaya. Haka nan wanda ya ɗauki hawainiya ya kawo gida, ya raba ta da bishiyarta, da raɓarta, da ƙwarinta. Dukan abin da daji ya ke ba ta kyauta, yanzu shi ne zai biya.

Kuskuren masu tausayi da yawa shi ne su kan yi mata irin alherin da su da kansu su ke so a yi masu. Mutum yana son ɗaki mai rufi, sai ya sa ta cikin tukunya ko kwalba ya rufe. Yana son tuwo, sai ya ɗiba ya ajiye mata. Yana shan ruwa a kwano, sai ya zuba mata a murfi. Yana son zumunci, sai ya nemo mata 'yar'uwa, ya kuma riƙa ɗaukarta yana shafawa, yana nuna wa baƙi. Bayan kwana kaɗan sai ya tarar ta mutu, ya ce ai ya yi iyakar ƙoƙarinsa.

Ga abin da ita ta ke bukata. Tana son wuri mai iska, keji na raga ko na waya, wanda tsayinsa ya fi faɗinsa, gama ita mai hawa ce, ba ta samun kwanciyar rai a ƙasa. A sa mata rassa masu kaurin yatsa, da ganye ɗanye mai yawa inda za ta ɓuya. Ba ta cika gane ruwan da ke zaune a kwano ba, a kan ganye ta saba lasar raɓa da ɗigon ruwan sama. Sai a yayyafa ruwa a kan ganyen safe da yamma, ko a huda gwangwani ƙaramar huda a rataye a sama yana ɗiga. Cikin hunturu da bazara a ƙara yawan yayyafin. Abincinta ƙwari ne masu rai, fara da gyare da ƙuda da shinge, a kuma kamo su nesa da gonar da aka yi wa feshi. Tana bukatar hasken rana na safe a jikinta, gama da shi ne jikinta ke samun abin da zai ƙarfafa ƙashi, hasken da ya ratso ta gilashi kuwa ba ya yin wannan aiki. Amma lalle a bar mata inuwa inda za ta koma, in ba haka ba rana ta kashe ta. Ita kaɗai ta ke zama. Idan aka haɗa biyu, mai ƙarfi za ta tsorata marar ƙarfi har ta daina ci. A nisanta ta da kyanwa, da kaji, da hayaƙin murhu, da maganin sauro. Kada a fizge ta daga reshe, gama yatsunta za su karye. Idan wuta ta ƙona ta, kada a shafa mata baƙin mai ko kananzir, a nemi shawarar likitan dabbobi. Idan ta rufe ido da rana, ko idanun suka faɗa ciki, ko ta zauna baƙa wuni guda, ciwo ne ko ƙishi ko tsoro.

Mai karatu zai ga dukan waɗannan abubuwa sun taru a kan magana ɗaya. Ma'aunin jinƙai yana wurin wanda a ke yi wa. Mai hikima ya koya mana a Misalai 12:10 cewa mutumin kirki yana kula da ran dabbarsa, ya kuma ƙara da cewa akwai wani irin tausayi wanda ƙarshensa mugunta ne. Tausayin da bai tsaya ya tambayi bukatar mai shan wahala ba, yana iya kashe shi da hannu mai taushi.

Hawainiya Biyu, Hukunci Biyu

To, ta warke. Sai me? A nan ya wajaba mu bambanta tsakanin hawainiya iri biyu.

Ta fari ita ce tamu ta gida, wadda aka tsinta a Kiru ko a Riruwai. Wannan tana da gida, gidan kuwa yana nan kusa. Idan an same ta lafiya lau a tsakiyar hanya, ceton duka shi ne a sa mata sanda ta hau, a ƙetarar da ita wajen da ta nufa, a ɗora ta a kan reshe. Ba a bukatar kwali. Sau da yawa wadda ta sauko ƙasa mace ce mai ciki, tana neman wurin da za ta haƙa rami ta zuba ƙwai. Wanda ya tsare ta, ba ita kaɗai ya tsare ba. Idan kuwa ta ji rauni har aka yi jiyyarta, ran da ta soma kama reshe da ƙarfi, tana harbin ƙwari da kanta, ran nan aikin mai jiyya ya ƙare. A mai da ita inda aka ɗauko ta, ko wuri mafi kusa mai itatuwa, da sassafe, nesa da hanya. Riƙe ta bayan wannan ba domin ta ba ne kuma, domin marmarin mai riƙon ne.

Ta biyu baƙuwa ce. Akwai wata irin hawainiya ta duwatsun Yaman da kudu maso yammacin Saudiyya, wadda za mu kira mai kwalkwali, domin wani tozo mai tsawo da ke bisa kanta. Namijin ya kan kai ƙafa biyu idan an haɗa da wutsiya, jikinsa ratsi ratsi ne, kore da rawaya da shuɗi, yana kuma da ɗan tsiro a diddigen ƙafar baya tun daga ƙyanƙyasa, da shi a ke bambanta shi da mace. Ita ce ɗaya daga cikin waɗanda aka fi kiwo a gidaje a Turai da Amurka, yawancinsu kuwa a keji aka ƙyanƙyashe su. Mutane su kan saya domin sha'awa, ba su san wuyarta ba. Bayan watanni sai ƙafafunta su lanƙwashe, muƙamuƙinta ya yi laushi saboda rashin hasken rana da rashin abin ƙarfafa ƙashi, mai ita ya gaji ya nemi wanda zai karɓa. 'Ya'yanmu da ke zaune a waɗancan ƙasashe suna iya gamuwa da irin wannan, kasuwar dabbobi kuma tana iya kawo ta birninmu.

Wanda ya karɓi irin wannan ya ɗauki kaya na shekaru, gama macen ta kan yi wajen shekara 5, namijin kuwa har 8. Ban da abin da muka lissafta a baya, sai ya riƙa barbaɗa wa ƙwarin garin da ke ƙarfafa ƙashi kafin ya ba ta. A ƙasar sanyi sai ya sayi fitila ta musamman mai ba da irin hasken rana. Ya lura da ganyen da ya sa mata, gama ita ta kan ci ganye. Idan mace ce, za ta yi ƙwai ko da ba ta taɓa ganin namiji ba, 30 ko fiye a lokaci guda, tana kuwa bukatar yashi mai laima, zurfin wajen ƙafa ɗaya, inda za ta haƙa. Idan ba ta samu ba, ƙwan ya kan tsaya a cikinta ya kashe ta.

Wannan baƙuwa ba a sakinta. Waɗansu da suka gaji da nasu a Amurka sun sake su a waje, waɗansu kuma sun kuɓuce, har tun wajen 2002 aka same su suna haihuwa a jihar Fulorida da tsibirin Mawi na Hawayi. A Hawayi hukuma ta hana ajiye su sam, aka yi ta farautarsu domin tsoron abin da za su yi wa tsuntsaye da ƙwarin tsibirin, waɗanda ba su san irin wannan maƙiyi ba. Idan aka saki irinta a dajin Falgore, ko dai ta mutu, ko kuwa ta rayu ta takura wa tamu ta gida. Mai riƙonta ba shi da mafita sai ya riƙe ta har ƙarshen kwanakinta, ko ya danƙa ta ga wanda ya fi shi sani.

Ga abin lura fa. Ɗaya an ce a sake ta, ɗaya an ce kada a sake ta, amma dalilin ɗaya ne. A duka biyu an tambayi abin da zai amfane ta, da abin da zai amfani sauran halitta, ba a tambayi abin da mai riƙo ya ke marmari ba. Mai son ya riƙe tamu ta gida dole ya hana kansa. Wanda ya gaji da baƙuwar shi ma dole ya hana kansa. Ba wanda a cikinsu ya ke mai ita, dukansu masu riƙon amana ne.

Hukumomin duniya ma sun gane wani abu na wannan. A 1973 aka ƙulla yarjejeniya a birnin Washinton a kan cinikin namun daji tsakanin ƙasashe, Nijeriya tana cikinta, ta kuma kafa tata dokar a 1985. Hawainiya tana cikin jerin waɗanda ba a ƙetare iyaka da su domin ciniki sai da takardar izini. Duk da haka an kwashi dubbai daga Togo da Binin da Gana zuwa ƙasashen waje, masu yawa kuwa ba su daɗe ba a hannun masu saye. Wanda ya sayi hawainiya daga hannun mai kamawa domin tausayi, ya tuna kuɗinsa ne zai mai da mai kamawar daji gobe.

Abin da Waɗansu Za Su Ce

Wani zai ce, mutane suna fama da yunwa da ciwo, ku kuwa kuna cika takarda da zancen hawainiya? Maganarsa tana da nauyi. Ubangijinmu da kansa ya koya mana mutum ya fi tsuntsaye daraja nesa. Idan aka ce a zaɓa tsakanin kuɗin maganin yaro da kejin hawainiya, ba mai hankalin da zai yi shakka. Amma a wuri guda ɗin, cikin Matta sura 10, ya nuna ko ɗan tsuntsun da a ke sayarwa da araha ba ya faɗuwa ba da sanin Uba ba. Girman darajar mutum bai mai da sauran halitta banza ba. Jinƙai kuma ba hatsi ba ne da zai ƙare a rumbu idan an ɗiba. Yaron da aka bari yana jifan hawainiya yana dariya, hannunsa yana koyon wani abu, zuciyarsa ma tana koyo. Yaron da aka koya wa ya ƙetarar da ita hanya, shi ma yana koyo. Maƙwabtanmu Musulmi suna da wannan koyarwa, gama a cikin hadisansu akwai labarin macen da aka hukunta saboda ta tsare kyanwa, ba ta ba ta abinci ba, ba ta kuwa sake ta ta nema da kanta ba.

Wani kuma zai ce, ai Attaura ta lissafta ta cikin masu ƙazanta. Gaskiya ne, Littafin Firistoci sura 11 ya sa irin waɗannan masu rarrafe cikin abin da Isra'ila ba za su ci ba, ba kuwa za su taɓa mushensu ba. Amma dokar ci ce da ta tsarkin sujada, ba izinin azabtarwa ba ne. A Farawa sura 1 masu rarrafe suna cikin abin da Allah ya duba ya ga yana da kyau. Nuhu ma bai bar masu ƙazanta a waje ba, biyu biyu suka shiga jirgi.

Waɗansu kuwa tsoro ne ya hana su. Sun ji an ce tana da dafi, ko ganinta mugun abu ne, ko tana da wani asiri. Mai bi ba shi da rabo cikin wannan tsoro, ba shi kuma da rabo cikin neman ta domin laya. Halitta ce kamar kaza, ba ta da ikon kawo sa'a ko hana ta. Mu kan ce wa mutum hawainiyarsa ta kiyayi ramarmu, amma a gona ita ba ta ɓata rama, farar da ke cin ramar ta ke kamawa.

Akwai kuma tambaya mai zurfi wadda masu karatun Littafi za su kawo. Ashe, Allah bai ce waɗanda ya fansa nasa ne ba? I, haka ya ke a Ishaya sura 43, Bulus kuma ya tuna wa Korintiyawa cewa da tamani aka saye su. Amma wanda ya faɗi haka shi ne ya yi su tun fari. Nasa ne kafin su ɓata, nasa ne bayan ya same su. Mu kuwa ba mu halicci ko gashi ɗaya ba. Zabura 50 ta nuna namun jeji duka na Allah ne. Sa'ad da muka ceci ɗaya daga cikinsu, kayan wani muka tsinta, mai tsintuwa kuwa ba ya zama mai kaya. Nuhu ya ciyar da dabbobin nan wajen shekara guda, ba wanda ya taɓa yin jiyya irin tasa, amma da ƙasa ta bushe aka umurce shi ya buɗe ƙofa su fita su hayayyafa. Alkawarin bakan gizo kuma, da shi da su aka yi.

Daga Keji Zuwa Cikin Gida

Ya ku 'yan'uwa, kun riga kun gane zancen nan bai tsaya a kan hawainiya ba. A gidajenmu akwai marayu da 'ya'yan riƙo. A ekklesiyoyinmu akwai waɗanda danginsu suka kore su, wani ya ba su ɗaki. Akwai wanda aka biya wa kuɗin makaranta, da wadda aka biya wa kuɗin asibiti, da wanda aka ranta wa taki da damina. Dukansu an ɗauke su daga bakin wuta. Jarabar mai ceto kuwa iri ɗaya ce ko'ina.

Jaraba ta fari ita ce ya gaji. Ya karɓi yarinya da murna ran jana'iza, kowa ya yabe shi, bayan shekara biyu ita ce mai tallan gidan, 'ya'yansa suna makaranta. Ta biyu ita ce ya yi alheri bisa ga ganinsa, bai taɓa zama ya tambayi yaron abin da ke damunsa ba, ko da ya ke a rubuce ya ke a fuskarsa. Ta uku, wadda ta fi su ɓoyuwa, ita ce ya ƙi saki. Yaron ya girma, yana so ya koyi wata sana'a, ko ya auri wadda ya ke so, ko ya koma ya ga danginsa, sai a ce masa, ka manta inda aka tsince ka? Wannan shi ne gori, gori kuwa keji ne wanda ba a ganin wayarsa. Mutum ya kan zauna a ciki shekara talatin.

Ubangijinmu bai yi haka ba. A Markus sura 5, mutumin da ya fitar wa aljanu ya roƙa ya bi shi. Da wani ne, da ya riƙe shi kusa domin kowa ya ga aikin da ya yi. Yesu ya mai da shi gida wurin mutanensa. A asibitin ido na mishan da ke Kano, wanda aka buɗe a 1943, a kan kawo mutum da ɗan jagora yana riƙe masa sanda. Ran da likita ya fi murna shi ne ran da mutumin ya fita ƙofa da ƙafarsa, ba ya bukatar jagora, ba ya bukatar likitan kuma.

Akwai kuma waɗanda ba za a iya sallama ba, kamar baƙuwar nan mai kwalkwali, tsohuwar da ba ta da kowa, yaron da aka haifa da naƙasa, mai ciwon da ba ya warkewa. Su kuwa amanar ita ce a riƙe su har ƙarshe, ba tare da gunaguni ba, ba tare da gori ba, ko da masu yabo sun daɗe da watsewa. Sanin wanda za a saka da wanda za a riƙe yana bukatar hikima, sai mu roƙi Allah ya ba mu, mu kuma nemi shawarar dattawan ekklesiya.

Amsar tambayarmu ke nan. Wanda ka ceta ba naka ba ne, kai ne ka zama mai hidimarsa har ran da bukatarsa ta ƙare. Kaka tana zuwa, za a sa wa daji wuta kamar kowace shekara. Iyaye da malaman makarantar Lahadi su koya wa yara su ajiye dutse su ɗauki sanda, su ɗora hawainiya a kan reshe, su tafi abinsu. Mu manya kuma kowa ya duba cikin gidansa, ya ga ko akwai wanda ya kamata a saka, ko wanda aka gaji da shi tun lokaci bai yi ba. Allah ya ba mu zuciyar masu riƙon amana. Amin.